Gangar da ke Rataye a Rumbun Malam

"Wa nike gani haka?"

Malam Almu ne ya yi tambayar, alhali kowa ya gani da idonsa.

'Yarsa Safiyatu tana bayan zana cikin mata. Ji ta yi ƙasa ta juya da ita.

Cikin akwatin talabijin, tsakanin ɗigo-ɗigon nan da ke zuba kamar yayyafi, ga Kalilu tsaye da ganga a kafaɗa, yana washe baki.

Kalilu na Gatawa... Kalilunta!

"Barkanmu da wannan yammaci na Juma'a," in ji mai gabatar da gasar waƙa. "Ga wani baƙo daga ƙasar Gobir!"

Wada mai akwatin ya sunkuyar da kai kamar wanda ya zo ta'aziyya.

"Malam, ka yi haƙuri. Don labarin rabon hatsi nik kira ka. Ban san wanga abu za mu gani ba."

Malam ya miƙe. Da hantsin ranar gari ya fita roƙon ruwa, mayafinsa ma har yanzu a juye yake.

"Mu muna bakin daji muna kuka ga Ubangiji, shi shina Sakkwato shina kaɗa muna ganga." Ya juya wajen zanar. "Safiyatu, na san kina nan. Tashi mu tahi. Magana ta mutu."

"Baba..."

"Nic ce ta mutu!"

Damina ta biyu ke nan sama ta juya wa Gobir baya. Gero ya fito, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya fasa. Maza sun watse neman abinci, ƙawayen Safiyatu sun bi mazajensu kudu, Sabon Birni ta zama garin tsofaffi da mata da awaki masu yawan tunani. Dattawa suka ce babu kiɗa babu waƙa sai ruwa ya sauka.

Kalilu kuwa makaɗin noma ne, irin wanda ke bin manoma ranar gayya yana zuga su har su manta suna da ƙugu. A shekarar da babu noma, amfaninsa bai wuce na mai gyaran kwalekwale ba. A wannan shekarar ya ga ya dace ya nemi 'yar malamin makarantar allo.

Malam bai so ba. Da ya ga yarinya ta daina cin ɗan abin da ake samu, sai ya kira shi.

"In kana iya riƙe hannunka da bakinka har ruwa shi sauka, na ba ka ita."

Kalilu ya rataye gangarsa cikin rumbun Malam, wanda dama babu komai a ciki sai iska, ya tafi garin Isa haƙar rijiya.

Tun daga nan Safiyatu ba ta da abokin hira sai akwatin da Wada ɗan mai hatsi ya sayo daga Maraɗi. Wada ya taɓa neman ta, ta ce a'a, ya karɓa da murmushin da ya fi ƙarfin a'ar. Duk Juma'a bayan la'asar akan jona wa akwatin batirin mota a tsakar gidan mahaifiyarsa, mata su taru. Safiyatu takan zauna gefen Inna Uwa, ƙanwar marigayiya mahaifiyarta, tana yanke hukuncin da babu wanda ya tambaye ta.

"Wanga ba waƙa shikai ba, Inna, rigima shikai da maƙogwaronai."

"Ke dai bari."

"Kuma alƙalin can mai tabarau, riga shika ba maki. Wanda duk yas sa babbar riga ya wuce."

"To ki tai Sakkwato su ba ki kujera."

"Ni abin da ka damuna, babu wanda ka yi ma wani waƙa cikinsu. Gilashi suka kallo. Waƙa ai mutum aka yi ma ita."

Tana faɗa tana dariya. In an cire batiri kuwa, ta koma gida ta wuce ta gaban rumbun nan, sai dariyar ta tsaya a ƙofa.

Sai ranar roƙon ruwa ce Wada ya fara fitowa da akwatin ƙofar gida, ya shimfiɗa wa maza tabarmi, ya je da kansa ya gayyato Malam.

Washegari Malam ya ce a fitar masa da gangar daga rumbu.

Safiyatu ce ta hau. Idonta ya kumbura, tana hawa tana haɗiye kuka. Ta miƙa hannu cikin duhun rumbun, yanar gizo ta manne mata a yatsu.

Ta jawo gangar... ta tsaya.

Maratayin gangar ita ta saƙa shi da hannunta. Tuntu a gefe ɗaya kawai, don zare ya ƙare mata kafin ta kai ɗaya gefen. A duk duniya babu mai irin wannan maratayi, don babu wanda zai yi shi da gangan.

Shi ta gani jiya a kafaɗar Kalilu.

Ta sauko da gudu sai ɗakin Inna Uwa.

"Inna! Gangar da yak kaɗa jiya a Sakkwato, ga ta nan, gizo ya yi gida a kanta!"

Inna ta duba, ta ja da baya, ta tofa addu'a cikin riga.

"Aljannu na."

"Aljani ba ya karya murya wurin hawan waƙa, Inna. Shi na. Amma ba jiya ba... ban san yadda za ni hwaɗa ba."

 Inna Uwa ta yafa gyale ta je ta sami Malam, ta ce kayan mutane a hannu ake mayar musu, ita kuma ƙugunta ba ya ɗaukar ganga, sai an haɗa ta da mai ɗauka.

Sun sami Kalilu a bayan garin Isa, ko kuma a ce sun sami ramin da yake ciki. Abokan aikinsa suna jawo gugan ƙasa busasshiya. Da suka ga mata da ganga, sai duk suka tuna suna da alwala.

Safiyatu ta leƙa. Can ƙasa wani abu mai kama da mutum yana sara.

"Na Gatawa!"

Saran ya tsaya.

"Wa... 'Yar Malam? Sanyin idona, ke ta? Ko rana ta taɓa ni?"

"Kada ka ce mini sanyin ido! Ina kake ran Juma'a?"

"Nan. Ina za ni? Ramin ga ƙohwa guda gare shi."

"Gari duka ya gan ka cikin akwatin Wada kana kiɗa, ranar roƙon ruwa. Baba ya ce magana ta mutu!"



"Sun nuna?" in ji shi a hankali. "Wayyo ni..."

Aka jawo shi. Ya rame har kunnuwansa sun ƙara girma. Ya tsuguna ya gaida Inna, ya kasa duban Safiyatu.

"Tun cikin rani anka ɗauka, tun ban yi ma Malam alkawari ba. Ɗaukar mutum sukai su aje, awa kaset na rediyo, sai sun ga dama su sako shi. Ranar ma Talata ta, mutumen nan yat tashi yana barka da Juma'a. Ni na zaci bai da lahiya."

"Wa za ya yarda da wanga zance a Sabon Birni?" in ji Safiyatu.

"Wada ya sani. Cikin motar hatsinsu nit tahi. Shina zamne gaba-gaba cikin masu tahi da hannu."

Inna Uwa ta ce, "Ɗan banza!" Ta ƙara da, "Allah shi gahwarta mini."

Safiyatu ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta, wani ya hau.

"To mi yas sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

Ya ɗauki ɗan tsinke yana zane a ƙasa.

"Don akwai zagaye na biyu. Shi za su nuna Juma'a mai zuwa. Korata anka yi, 'Yar Malam. Mai tabarau yac ce ba a kawo musu kiran shanu. Ɗaki duka yad ɗauki dariya. Na so in mutu ba ki ji wanga ba."

Ta dube shi, ƙasar rijiya har cikin gashin idonsa.

"Ka zo ran Juma'a ka zamna kusa ga Baba."

"In kalli ana yi mini dariya, gaban Gobirawa?"

"Eh."

"Ki ce in ƙara ma rijiyar ga gaba goma, za ni yi. Amma wanga..."

"Ni kullum ina zamne ni ɗaya ina kallon mutanen da ban sani ba suna waƙa." "Na gaji, Na Gatawa. Ko a yi maka dariya yini guda, ko ka rasa ni. Zaɓi."

Ta juya. Gangar ma ba ta ba shi ba, ta koma da ita a kai.

Ranar Juma'a ko kasuwa ba ta tara mutanen da ƙofar gidan su Wada ta tara ba. Har waɗanda ke cewa akwatin haramun ne sun zo su ga haramun ɗin da idonsu. Malam ya zo don Inna Uwa ta ce in bai zo ba za ta tare a zaurensa.

Safiyatu tana bayan zana, ido a kan hanya.

Aka jona batiri. Aka juya dogon goran eriya. Mai gabatarwa ya fito ya yi barka da Juma'a.

Babu Kalilu.

Mawaƙi na farko ya yi ya sauka. Na biyu ya hau da babbar riga, ya wuce. Yau Safiyatu ko kalma ba ta ce a kansu ba.

Sai ta ji taro ya yi tsit daga baya.

Kalilu ne tafe da ƙasar rijiya a ƙafa, kai a sunkuye. Ya yi sallama, ya durƙusa gefen tabarmar Malam. Malam ya amsa sallamar don wajibi ce kawai.

"Sai baƙonmu na ƙasar Gobir!"

Ga Kalilu cikin akwati, da kumatu, da ganga.

Ga Kalilu a kan tabarma, babu ko ɗaya.

Wani tsoho ya yi a'uziyya ya ruga ya bar takalmansa. Malam ya dubi akwati, ya dubi gefensa, ya sake duban akwati. Sannan ya miƙa hannu ya taɓa gwiwar Kalilu, ya ɗan matsa.

Wada ya zabura. "Batirin ga ya yi sanyi, bari in..."

Ya tarar Inna Uwa ta riga ta fito daga bayan zana ta zauna a kan batirin, ta gyara zama kamar kujerar gadonta.

Cikin akwati Kalilu ya ɗauki waƙar gayya, wadda ake yi in rana ta take, hannu ya fara mutuwa. Wurin hawa muryar ta karye. Mai tabarau ya ɗaga hannu ya faɗi maganarsa ta shanu. Sai hoto ya juya kan masu kallo, kuma a sahun gaba ga wani mai agogo yana dariya har yana bugun cinya.

Malam ya juya a hankali.

"Wada... kai ma biyu na?"

Wada ya ja da baya. Ya tuna ana neman sa a cikin gida.

Kalilu ya runtse ido yana jiran dariya.

Ba ta zo ba. Tsofaffin manoma suna zaune, kafaɗunsu na motsi su kaɗai. Rabon su da jin wannan waƙa tun gona tana gona. Wani yana share ido da hula.

"Wanga mai tabarau," in ji Malam, "ya taɓa riƙa kalme shi yi noma?"

"Ina hwa!" taro ya amsa.

Malam ya gyara mayafi ya miƙe.

"Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, ɗana. Ka yahe mini. Ganga ta koma rumbu, alkawari na nan sai ruwa ya sauka. Amma ɗaurin aure bai buƙatar ganga. Ka turo manyanka."

Da mutane suka watse, Kalilu ya matso jikin zana, ya tsaya kamar mai duba ingancin saƙarta.

"'Yar Malam... kin gani?"

"Na gani."

"An ce ke ka yanke hukunci a gidan ga. Mi kic ce?"

Tana kuka tana dariya, ta gode Allah da zana.

"Murya ta karye, wanga gaskiya na. Kuma gilashi kaka kallo, awa sauran."

"To na hwaɗi ke nan."

"Ban ce ba. Ranar da ruwa yas sauka, ka ɗauko gangar ka tsaya gabana, ka dube ni ka sake. Sannan za ni ba ka maki."

Aka ɗaura aure shiru, babu ko tafi. Daga ranar kuwa, duk da yawan manoman da ke Gobir, babu wanda ya kai Kalilu duban sama.