Akwatin da Yaya Sha'ibu Ya Goge

La'asar ta yi sanyi lokacin da na tsayar da mai kabu-kabu a bakin layinmu na unguwar Zariya, a Maraɗi. Na ce masa Jiratawa. Ya dubi rana, ya dubi jakar ordinater, wato kwamfuta, da ke kafaɗata, ya ce zai kai ni amma ba zai jira ba. Na ce ya ja mu tafi, ban nemi ya jira ni ba.

A shekarar da aka rufe iyaka ne, kuran, wutar lantarki, ya zama sai an gan shi. Ni Zuliha, ina shekarar ƙarshe a karatun ordinater, aji ɗaya da wana Sha'ibu, don shi ya maimaita. Na bar shi a gida kwance a tabarma, Inna tana ɗura masa ruwa da moɗa. Ya sha randa guda tun safe, amma leɓɓansa sun tsage. A asibiti an yi masa ƙarin ruwa har jijiyarsa ta kumbura, lokotoro ya ce bai ga komai a jininsa ba. Ni kuwa na san abin da ke damunsa, kuma shi ya sa raina yake a ɓace har ina jin ɗaci a bakina.

Ga yadda abin ya faro. Ni da shi muka rubuta wani lojisiyel, wato manhaja, muka sa masa suna Zayyana. Aikinsa ɗaya ne: ka ba shi fishiye, wato fayilolin da aka tsara na'ura da su, ya karanta, ya zana maka hoto. Kowane ɓangare akwati, kibiya kuma tana nuna wa yake ba wa. Mun sa shi a fili kyauta, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Da shi za mu tsaya gaban malamai a ƙarshen shekara.

Don gwaji, Idirisa, sakataren wata ƙungiyar masu garka, wato lambu, a Jiratawa, ya ba mu fishiyen na'urar da ke raba musu ruwa. Zayyana ya zana abinsa tsaf. Ga famfo, ga tanki, ga ƙofofin ruwa, kowace da kibiyarta zuwa garkar wani. Sai akwati ɗaya can gefe, ba sunan kowa. Ƙofa ce da ke buɗewa kullum da magariba, ta zuba ruwa a tsohuwar magudana, magudanar kuma ta ƙare a ramin da masu tukwane suka daina haƙar yumɓu.

"Wannan ya ɓata mini hoto," in ji Yaya Sha'ibu.

Na ce, "Yaya, zane aka ce mu yi. Ba a ce mu taɓa ba."

"Ruwa ne ake zubarwa a banza. Gyara na yi musu."

Yana dariya ya goge layukan, hoto ya fito sumul, ya aika wa Idirisa, shi kuma ya ɗora a na'ura ko karantawa bai yi ba. Haka Yaya yake tun muna yara. In ya ga abin da bai gane ba, to abin ne ba shi da hankali.

Kashegari ƙishirwa ta kama shi. Da ta yi tsanani ya daina gane mutane, sai ya riƙa motsa baki. Na kai kunnena, na ji yana cewa, "Buɗe." Numfashinsa warin yumɓu yake, busasshen yumɓu. A aiki irin namu ba abin da ke ɓacewa, duk layin da aka goge yana nan a tarihin aikin. Na tono layukan na zuba a kile, ɗan abin nan na ajiyar fishiye. Na kira Idirisa, rezo babu, wayar ta ƙi shiga. Shi ne na fito.

Mai kabu-kabu ya sauke ni inda kwalta ta rabu da hanyar garka, ya juya ko kuɗinsa bai ƙirga ba. Na taka cikin albasa da zogale har bukkar mai gadi. Baba Gado ne, dattijo mai riƙe da mabuɗin ɗakin famfo. Na gaishe shi a tsaitsaye na faɗa masa abin da ya kawo ni.

"Ashe ku ne kuka rufe," ya ce.

"Baba, kun san da ƙofar nan? Kun san da ita kuka ba mu fishiye ba ku ce komai ba?"

"Ɗiyata, wannan ba abin faɗi ba ne. Tun ana ban ruwa da guga ake bar musu nasu. Ba bauta ba ce, maƙwabtaka ce. Wanda ya kafa injin ma an gaya mishi, ya sa."

"Mu kuma da ba a gaya wa ba fa? Wana yana can yana mutuwa."

Ya ciro mabuɗi daga wuyansa ya ajiye a ƙasa, bai miƙo mini a hannu ba. Na ce ya raka ni. Ya ce ƙafarsa tana ciwo, ya ce in bari sai da safe. Na ce masa Sha'ibu ba zai kai safe ba. Na sunkuya na ɗauki mabuɗin, kuma Allah ya sani, da ba don furfurarsa ba da na faɗa masa maganar da ba zai manta ba.

Ɗakin famfo yana can ƙarshen garkunan, ɗan ɗakin siminti da allunan wutar rana a kansa. Daga bayansa tsohuwar magudanar ta miƙe zuwa ramin. Ta bushe har ta daddare. Rana ta kusa faɗuwa, sama ta yi ja. A sauran magudanun kwaɗi suna ta kuka, amma ina matsowa kukan yana raguwa, har na iso inda ba na jin komai sai takalmina.

Na yi bisimilla na buɗe.

Ciki da zafi, da warin man inji. Ƙarƙashinsa kuma da wancan warin, na bakin Yaya. Na'urar tana kan wani benci, ƙaramar fitilarta kore tana ƙyaftawa. Na durƙusa, na jona ordinater ɗina. Na bar ƙofa a buɗe don haske.

Daga nesa, can cikin gari, aka fara kiran salla.

Al'adarmu ce kafin mu canza komai sai mun sa Zayyana ya zana yadda abin yake. Hannuna ya yi haka da kansa. Akwatuna suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Famfo. Tanki. Ƙofofi. Sannan can gefe, inda bai kamata a ga komai ba tunda an goge, akwatin nan marar suna ya fito.

Ban sa kile ba tukuna. Yana hannuna.

Kibiya ta fara tsirowa zuwa cikin akwatin. Ba daga tanki ta taso ba. Na bi ta da ido zuwa ɗaya gefen, na ga sabon akwati. A cikinsa an rubuta Sha'ibu.

Ni na rubuta ɓangaren da ke zana kibiyoyi. Na san ba ya iya sa su motsi. Wannan tana motsi, tana kumbura tana sacewa, kamar maƙogwaron mai shan ruwa.

Sai na ji ana haɗiya a bayana.

Haɗiyar busasshen maƙogwaro. Ɗaya. Sannan wata daga hagu. Sannan da yawa.

Hasken ƙofa ya ragu. Ban juya ba. A gilashin ordinater ina ganin inuwar kaina, da wasu inuwoyi a bayana, gajeru, sun cika ƙofar.

"Ruwa," aka ce, a hankali, dab da kunnena.

Na fara karanta addu'ar da na iya. Na cusa kile. Na mayar da layukan inda suke, na ba na'ura umarni. Fitilar kore ta koma ja. A waje wani ƙarfe ya yi gurnani ya yi shiru. Rana ta faɗi, batir ya yi sanyi, ƙofar ruwan ta cije.

"Wa ya rufe?"

"Ba ni ba ce," na ce. "Ga shi ina buɗewa."

"Yaranmu sun kwana da ƙishi."

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba, har fitsari ya matse ni. Amma da na ji wannan magana sai wani abu ya taso mini daga ciki. Na tuna Inna da moɗa a hannu. Na tuna Yaya yana dariya, da Idirisa da bai karanta ba, da dattijon da ya ajiye mini mabuɗi a ƙasa. Kowa ya yi nasa ya koma gefe, ni ce durƙushe a nan.

"Shi ma ɗan wata ne," na ce, haƙorana a cije. "Ku sake shi."

Na kashe duk sauran ƙofofin don ɗan ƙarfin da ya rage ya tafi wuri ɗaya. Na sake ba da umarni. Ƙarfen ya yi ƙara, ya ja, ya ja. Na ji ruwa ya fara tsiyaya a busasshiyar magudana.

Kibiyar ba ta bar sunan Yaya ba.

"Na buɗe. Me kuma kuke so?"

"Na kwanakin baya."

"Tankin bai da shi."

"Shi yana da shi."

Kibiyar ta kumbura fiye da da. Akwatin Sha'ibu ya fara dushewa a idona, layinsa yana sirancewa. Wani abu mai sanyi, mai kaushi kamar fasasshiyar tukunya, ya kama idon sawuna.

Ban yi tunani ba. Da na yi tunani da ban faɗa ba. Fushi ne ya yi magana.

"To ku ɗauka a nawa, ku bar shi."

Haɗiyar ta tsaya.

Kibiyar ta saki akwatin Yaya. Ta yi lilo a fili. Sannan wani akwati ya fito a ƙasa, harafi bayan harafi, kamar ana koyon rubutu. Na ga farkon sunana.

Gilashin ya mutu.

Na fizge ƙafata, na bar takalmi ɗaya da ordinater da kile. Na bi ta ƙofar ido a rufe. Na ji na ratsa wani abu kamar labulen ƙasa, ya shiga hancina da bakina. Na faɗa cikin albasa, na tashi, na sake faɗuwa. A bayana ruwa yana zuba cikin ramin, kuma ana sha. Ina jin ana sha har na kai bukkar Baba Gado.

Yana tsaye da fitila. Ya haska ƙafata, ya ga shatar yatsu na farar ƙasa a idon sawuna, ƙanana, ya kau da fitilar.

"Mi kika ce musu?"

Na jefa masa mabuɗinsa a ƙasa na wuce. Wani mai motar albasa ne ya kawo ni Maraɗi.

Na tarar da Yaya Sha'ibu zaune yana cin tuwo. Inna ta ce ana idar da salla ya ture moɗar ya ce yunwa yake ji. Ta rungume ni tana kuka. Shi kuwa ya dube ni, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ce, "Ina ordinater ɗin?"

Mun tsaya gaban malamai, mun ci. Har yau yana cewa zazzaɓi ne ya yi masa, kuma ƙarin ruwan asibiti ne ya yi aiki a makare. Na ƙara wa Zayyana doka ɗaya: duk akwatin da ba a san mai shi ba, ya zana shi da jan layi, ya rubuta a ƙasa cewa a tambaya kafin a taɓa. Wani daga wata ƙasa mai nisa ya rubuto yana cewa gargaɗin yana ɓata hoto, a cire. Yaya ya ce mutumin yana da gaskiya. Kwana biyu ban yi masa magana ba.

Ni kuma tun daga ranar, daga kiran magariba har a idar da isha'i, ruwa ba ya isa bakina. In na ɗaga kofi, kafin ya kai leɓena ya zama wayam. An yi mini rubutu, an yi addu'a, Inna ta kai ni Tibiri wurin wani malami, abin yana nan. Ban san bashin kwanaki nawa suke bi ba, ba su faɗa ba. A sauran watanni da sauƙi, ina sha da rana. Amma azumin bana a tsakiyar zafi ya zo.

Jiya muna zaune a tsakar gida, an kira salla, kowa ya kai hannu ga ruwan sanyi. Ni ina tauna dabino a bushe. Yaya ya cika kofi ya miƙo mini.

"Ki bar camfin nan ki sha, Zuliha. Kina ba Inna tsoro."

Ban karɓa ba. Na kama wuyan hannunsa da hannu biyu, na jawo kofin zuwa bakina yana riƙe da shi. Ya so ya janye, na ƙi saki. Yana kallo ruwan ya fara sauka, a hankali, da ƙaramar ƙarar haɗiya, har ƙasan kofin ya bayyana a bushe.

"Riƙe da kyau, Yaya," na ce. "Naka bashin ne ake sha."