Hauyar Kailu

Da hantsi aka kawo rahoto ofishin 'yan sanda na Filinge: an yi rikici a gonakin bayan gari, an bar gawar tsoho Sa'idu. Da mota ta isa, maza wajen ashirin suka watse. Wani manomi, Kailu, kaɗai ya tsaya, hauya a kafaɗa, don haka shi aka ɗauko.

Insfekta Abdurrazak ya karanta abin da ƙaramin ɗan sanda ya rubuta: attroupement armé, wato taro da makami, sannan dukan da ya jawo mutuwa. Da tapage aka rubuta, hayaniya kawai, tara ce mutum ya koma gida. Wannan kuwa shekaru ne a kaso. Awa arba'in da takwas doka ta ba shi kafin takarda ta tafi wajen mai gabatar da ƙara, kuma takarda in ta tafi ba ta dawowa.

Basiratu, matar Kailu, tana zaune a ƙofa da tsohon ciki.

"Ranka shi daɗe, jiya ruwa ya sauka. In ba mu yi shuka ba cikin kwana biyu, mi za mu ci bana?"

Insfekta ya wuce ta. Ya shiga wajen Kailu.

"Me ya kai ka gonar wani da makami?"

"Makami? Hauyata ce, ranka shi daɗe. Kuwwa munka ji. In an yi kuwwa, namiji ba shi tambaya, da abin da ke hannunai yaka zuwa."

"Wa ya yi kuwwar?"

"Ban gane shi ba. Iske tsohon munka yi kwance, kowa na zargin kowa."

"Me ya hana ka gudu?"

"In bar gawa ita ɗai?"

Insfekta ya ɗauko hoton da aka ɗauka a gonar. Tsohon yana kwance a gefen dama, fuska ga alƙibla, ido a rufe, an ɗaure masa haɓa da tsumma baƙi. Ko sawu ɗaya babu a rigarsa. Wanda taro ya tattake ba ya kwanciya haka.

Habsa mai fura ce ta fara wucewa ta wurin. A rumfarta ya same ta.

"Kun gyara shi ne kafin mu zo?"

"Mu? Wa za shi taɓa gawar da hukuma ba ta gani ba? Haka na iske shi, ɗaure, tun babu kowa."

"Wa kika gani a hanya?"

Ta yi ta dama fura. "Ni idona kan ƙwaryata yake."

"Inna, mai ciki na zaune a ƙofata tun safe."

Ludayin ya tsaya. "Ka tambayi Albarka inda ciyawar gambar da ke iyakar gonarsu ta koma."

Albarka ƙanen mamacin ne, uba ɗaya. Insfekta ya same shi yana kan tabarmar karɓar gaisuwa, ya ja rawani har hanci.

"Ina kake da safe?"

"Hanyar Baleyara. Waya anka yi mini, na juyo."

"Ka taɓa gawar?"

"Ko ganinta ban yi ba sai asibiti. Ku dai riƙe yaron nan, dokarku ta hana taro da makami."

"Ka san doka ke nan. An ce iyakar gonarku ta matsa."

"Maganar mata."

"Kwance rawaninka."

Albarka ya duba dama da hagu, bai sami mai hanawa ba. Ya warware shi a hankali. Jelar a yage take. Insfekta ya zaro tsumman haɓar daga ambulan ya jera. Suka haɗu zare da zare.

Albarka ya dube su, sannan ya ce:

"Na tumɓuke gambar dare biyu da sunka wuce, na ƙara taki huɗu. Ya gani, ya ce sai gaban mai gari. Sau ɗaya na buge shi da ƙota. Na tafi, na dawo. Bakinai buɗe, ƙuda na shiga. Yayana ne. Shi ya goye ni. Na gyara shi, sannan na yi kuwwa don sawu su yi yawa."

Aka sa masa ankwa. A ofis Insfekta ya ja layi ya soke kalmomin nan biyu, attroupement armé, ya sa aka fito da Kailu. Basiratu ta kama bango ta miƙe.

Kailu ya karɓi hauyarsa, an manna mata lambar shaida.

"Ranka shi daɗe, gobe in na ji kuwwa, in zo?"

"Ka zo. Amma ka bar hauyar a gida."

"To da mi zan taimaki mutum?"

Insfekta ya duba littafin dokar da ke kan teburinsa, bai buɗe ba. Ta taga ya ga ana tura Albarka cikin mota, kansa babu rawani.