Jan Hedifon da Tabaraun Kaka

Tun da matarsa Inna ta rasu, Kaka ya dawo gidan 'yarsa da zama. Ya zo da akwati guda, da sanda, da tabarau mai kaurin hannaye. Dariyarsa ce kawai bai zo da ita ba.

A gidan akwai wata yarinya, jikarsa. A da, in ya hango ta, sai ya ce, "Ga Uwar Surutu nan, kowa ya toshe kunnensa!" Yanzu kuwa sai dai ya shafa kanta ya yi shiru. Wannan shirun yana damun yarinyar ƙwarai.

Abu ɗaya ne ya rage yana faranta wa Kaka rai. Akwai tsohuwar kwamfuta a kusurwar falo. Mama, 'yar tasa, ta zuba masa waƙoƙin da Inna take so a ciki. Yakan kawo fuskarsa dab da kwamfutar, ya gyara tabarau, ya zaɓi waƙa da yatsa ɗaya. In waƙa ta tashi, sai ka ga ƙafarsa tana ɗan kaɗawa.

Sai dai kunnen Kaka ya yi nauyi, sai an ƙara sauti sosai yake ji. Ga kuma jariri a ɗakin Mama, mai saurin farkawa. Waƙa na tashi, jariri na tsala ihu.

Rannan Kaka ya kashe waƙar da kansa.

"Ku yi haƙuri," in ji shi. "Na zo na hana ku sakat."

"Haba Baba, kar ka ce haka," in ji Mama. Idonta ya kawo ruwa.

Washegari Mama ta kira yarinyar. Ta damƙa mata kuɗi a hannu.

"Je ki shagon kayan waya na bakin titi," ta ce. "Ki sayo wa Kaka hedifon, abin nan da ake ɗorawa a kai ya rufe kunnuwa. Kuɗin ba yawa, kar ki nemi mai tsada. Ki zaɓi mai laushi, mara nauyi, wanda ba ya matse kai. Kin ji ko?"

"Na ji, Mama."

A shagon, mai shago ya fito mata da guda biyu. Na farko ruwan toka ne, mai faɗin soso, ba kwalliya ko kaɗan. Na biyu ja ne, yana sheƙi, har da 'yar fitila a gefe. Yarinyar na ganin jan, sai maganar Mama ta bi iska.

Ta ce a ranta, "Ai Kaka da safe yake jin waƙa. Da yamma sai ya zama nawa. In ƙawayena suka gani, sai sun riƙe baki."

"Wa zai riƙa sawa?" mai shago ya tambaya. "In babba ne, musamman mai tabarau, ɗauki ruwan tokan nan. Jan yana da matsi."

"Ni zan riƙa sawa," in ji yarinyar. Ba ta kalle shi ba.

Da ta isa gida, Mama tana ciki tana fama da jariri. Yarinyar ta ɗora wa Kaka hedifon, ta jona a kwamfuta. Kaka ya ɗan yamutsa fuska, sannan ya sake.

"Ke kika zaɓa?" ya ce.

"Ni ce."

"To, ya yi kyau. Allah ya yi miki albarka."

Da farko Kaka yakan daɗe yana saurare. Bayan 'yan kwanaki, sai ya ji waƙa ɗaya ya cire. Wata rana yarinyar ta gan shi ya ajiye tabarau, ya sa hedifon. Amma ba tabarau ba ya ganin rubutu. Ya yi ta dannawa, waƙar da yake nema ba ta fito ba. Ya tashi a hankali ya koma bakin taga.

Daga nan bai sake zama gaban kwamfuta ba.

Gaskiya, yarinyar ta ji daɗi da farko. Hedifon ya zama nata ita kaɗai. Ƙawayenta sun zo sun gani, sun kuma riƙe baki kamar yadda ta so. Amma gidan ya yi wani irin shiru mara daɗi. Kaka yana wuni yana kallon waje. Abinci ma sai Mama ta yi ta lallashi kafin ya taɓa.

Wata rana ta dawo daga makaranta, ta ji magana a ɗakin Kaka. Ta leƙa. Mama ce take shafa masa magani a bayan kunne. Wurin ya yi ja, fatar ta saɓule, daidai inda hannun tabarau yake zama.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?" in ji Mama.

"Ita ta zaɓa da hannunta," in ji Kaka. "Kar ki gaya mata. Yarinya ce, don ta faranta mini ta yi."

Yarinyar ta ji kamar ta nutse cikin ƙasa. Ta san ba don shi ta yi ba.

Ta lallaɓa falo. Tabaraun Kaka yana kan tebur. Ta sa shi, ta ɗora jan hedifon a kai, ta kunna ɗaya daga cikin waƙoƙin Inna. Nan take ta ji hannayen tabarau suna nutsewa a bayan kunnenta. Kafin waƙar ta kai rabi, kanta ya fara sarawa. Ta cire, ta fashe da kuka.

Mama ta fito da sauri. "Lafiya? Me ya same ki?"

"Mama, mai shago ya gaya mini yana matsewa. Na ce masa ni zan riƙa sawa. Don kaina na zaɓa, ba don Kaka ba."

Mama ta dube ta. Ba ta yi tsawa ba, kuma wannan ya fi tsawa ciwo.

"Waƙoƙin nan su kaɗai suka rage masa," ta ce. "Ni ma da laifina, da ban duba ba. Amma ke aka aika, ke za ki gyara. Ɗauki abin nan ki mayar, ki faɗi gaskiya."

Yarinyar ta koma shago. Ta gaya wa mai shago komai. Ya juya hedifon, ya duba ko ya lalace.

"Zan canza miki," ya ce. "Amma ba zan sake ba ki na wani ki tafi da shi ba. Kawo mai kunnen ya gwada da kansa."

Nan fa ake yin ta. Tun da Kaka ya zo gidan, bai taɓa leƙa ƙofar waje ba.

Yarinyar ta durƙusa a gabansa. "Kaka, ka yafe mini. Na yi son kai, na yi ƙarya. Don Allah ka zo mu je tare."

"Ni da fita? Bar shi kawai, jikalle."

"In ba ka je ba, ni ma ba zan sake jin waƙa ba. Zan zauna nan in yi ta yi maka surutu har ka gaji."

Kaka ya dube ta ta saman tabarau. Ya yi ajiyar zuciya, ya miƙa hannu ya ɗauki sandarsa.

A shago, mai shago ya ba shi kujera. Kaka ya sa ruwan tokan a kan tabarau. Ya juya kai dama, ya juya hagu. Ya zauna da shi na ɗan lokaci.

"Wannan kam kamar ban sa komai ba," ya ce.

Da raunin ya warke, Kaka ya koma kujerarsa ta gaban kwamfuta. Ya gyara tabarau, ya danna da yatsa ɗaya. Ƙafarsa ta fara kaɗawa. Can sai ya fara bin waƙar da bakinsa. Da yake ba ya jin muryarsa, sai ya sake ta da ƙarfi, gidan duka ya ɗauka.

Jariri ya farka ya tsala ihu.

Mama ta fito da shi a kafaɗa, za ta yi magana, sai ta tsaya cak. Waƙar da mahaifiyarta take yi mata tana ƙarama ce. Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Kaka ya ɗaga hedifon daga kunne ɗaya. "Wa ya tashi yaron nan? Uwar Surutu, ke ce ko?"

"Kai ne, Kaka!" in ji yarinyar. Ta ruga ta rungume shi.

Daga ranar ta gane cewa in za ka zaɓa wa mutum abu, buƙatarsa za ka duba, ba sha'awarka ba.