Madubin Da Ba Ya Rawa

Da hantsi Tsayau ya buɗe idanunsa biyu a saman hasumiyar gadi ta birnin Tudun Marke, ya yi 'yar ƙara kamar ta sauro, sai dajin da ke can nesa ya taso ya tsaya cak a gaban Jatau, Sarkin Baka. Hannun tsohon rawa yake yi, amma hoton ko gezau.

Shi wannan Tsayau madubin hangen nesa ne mai ido biyu. A cikinsa akwai 'yar ƙwaƙwalwa mai auna rawar hannu, ta karkata gilashin ta ɗaya gefen tun kafin ka ƙifta. Injiniya Ladidi ce ta ƙera shi, kuma bana ta ƙara masa wayo: har kaɗawar ciyawa da ƙawalwalniyar rana gogewa yake yi. Duk wani ƙaramin motsi mai sauri, a wurinsa datti ne, sai ya share ya cike gurbin da abin da ke kewaye.

To, a zamanin nan da nake ba ku labari, gine-ginen gilashi sun cinye ƙasa, jiragen ƙasa a sama suke gudu. Daji ɗan guntu ne ya rage, da gwankaye kaɗan, mata uku da tsohon namiji ɗaya. Bana kuwa ba a ga jariri ko ɗaya ba. Sai tsegumi ya tashi cewa maharba ne ke sace 'ya'yan. Jatau ya rantse, ya ce tsohon namijin ne ya gaza. Hukumar birni ta ce to, ya harbe shi a kawo sabo, a gani. In garken ya ƙare, da sunan Jatau zai ƙare.

Matarsa Kande ta hawo hasumiyar da kwanon fura, ta tarar da Ladidi na haɗa madubin da doguwar bindiga.

"Ni fa ban yarda da abin nan ba," in ji Kande. "Jiya na leƙa, ko ganye bai motsa ba. Daji ne ko hoton kalanda?"

Ladidi ta yi dariya. "Inna, ai aikinsa ke nan."

"Aikinsa? To, 'yar nan, wa ya gaya masa abin da ya kamata ya motsa?"

Jatau ya leƙa cikin madubin. Ya hango gwanki guda ya ware daga garke, ciyawa ta rufe shi har kafaɗa, ƙahoni a lanƙwashe. Gwanki kuwa, mace da namiji duk ƙaho gare su. Abin da ya dame shi, dabbar ba kiwo take ba. Sunkuyawa take tana lasar wani abu, shi kuma ciyawa kawai yake gani a wurin.

"Shi ne, Baba," in ji Ladidi. "Tsofaffi ne ke warewa. Hukuma na jira."

Maharban Tudun Marke na da al'ada tun kakanni: in hannu ya ɗauki rawa lokacin saiti, a sauke makami, don jiki ya ji abin da ido bai gani ba. Sai dai a da ido ne ke faɗa wa maharbi hannunsa na rawa, in ya ga naman na tsalle a gabansa. Yanzu komai tsaf yake.

"Sarki, dubi hannunka," in ji Kande.

"Tsufa ne."

"Tsufanka na san shi, da shi nake zaune. Wannan ba shi ba ne."

Jatau ya tuna yadda jiya a masallaci mutane suka yi shiru da shigarsa. Ya danna kunamar bindiga.

Keke mai tashi sama ya sauke su a bakin rafin da ke cikin dajin. Tun kafin su ƙarasa Jatau ya tsaya, ya cire hula. Mace ce ya kashe, hantsarta cike da nono. A gefenta ga jariri, jikinsa bai gama bushewa ba, yana ta ƙoƙarin miƙewa, ƙafafu na ɓari.

"Ba zai yiwu ba," in ji Ladidi. "Da mun gan shi."

Kande ta miƙa mata madubin. "Leƙa."

Ladidi ta ɗora a ido, ta ga uwar a kwance, ta ga ciyawa lif, kyakkyawa. Ta sauke, ga jariri na karkarwa. Ta sake ɗorawa, babu shi.

"Zan gyara," ta ce a hankali. "A sabon da za mu fitar nan gaba..."

"Gyara, 'yar nan," in ji Kande, ta kwance mayafinta ta lulluɓe jaririn. "Amma fara gaya mini. Irinsa nawa kuka kafa a kan titunan birni suna gadin mutane?"

Ladidi ta juya ta dubi Tudun Marke. Hasumiyoyi ne jere har ƙarshen gani, kowace da idanunta biyu, kuma tun farkon bana ba wadda ta kawo rahoton mai rawar zazzaɓi ko mai karkarwar tsoro.