Lalle a Hannu Ɗaya

Da hantsi Dakta Sadiƙa ta faɗo komisariya, ofishin 'yan sanda, ko sallama babu. Wanda ya san ta a Garwa ya san ba ta gudu, ita da 'yan unguwar Yelwa ke nuna wa 'ya'yansu mata su ce ku yi karatu ku zama haka.

"An ɗauke mini kwalba a labo, ɗakin bincikena," ta ce wa Sufeto Nasiha. "In wani ya sha abin da ke ciki, sai dai gawa."

Nasiha ta suri hularta. A hanya Dakta ta yi mata bayani. Wata hoda ce ta haɗa, ta zinki da aka cusa wa azurfa, ƙwayoyinta ƙanana ainun, ido ba ya ganin ɗaya. Ta zuba ta a kan ƙwayoyin ciwon daji da take reno a ɗan faranti, ta kashe su.

"To ai magani ke nan," in ji Nasiha.

"Da saura. Idan ta yi yawa, har ƙwayoyin jiki masu lafiya take ci, na hanta da na ƙoda. Awon da zai raba biyun nake nema."

"Wa ya san da ita?"

"Kowa! Ran Juma'a dangi suka yi mini walima. Na ce musu ta kashe cutar, aka yi ta guɗa." Ta sunkuyar da kai. "Maganar guba kuwa na haɗiye. Wa ke ɓata walima da mugun labari?"

A labo, Nasiha ta tsaya kan wani baƙin tabo a tebur, dab da taga.

"Ruwan azurfa ne," in ji Dakta. "Ɓarawon ya ture shi. Fari ne tas kamar ruwan sha, amma da rana ta taɓa shi sai ya baƙanta. A fata kuwa sabulu ba ya fid da shi."

Aka kira Thierry, mataimakin Dakta. Ya rantse da Faransanci, ya maimaita da Fulatanci, wai jiya yana nan, ko ƙofa bai leƙa ba, kuma ba wanda ya shigo.

"Nuna hannunka."

Hannu fes. Amma ga kwanon abinci a ƙarƙashin teburinsa, an lashe shi ƙal.

"Wannan fa? Da kansa ya shigo?"

Gogan naka ya hau kame-kame. Can dai ya ce ya fita kallon ƙwallo a shagon maƙwabci, ya bar ƙofa buɗe. Da ya dawo ya tarar da kwanon, ya share. Dakta ta ɗaga kwanon ta juya shi.

"Na Adda Mairamu ne, yayata. Mijinta Adamu na kwance, ciwon daji a hanta."

"Hau bayana," in ji Nasiha, ta ta da babur.

Sun sami Mairamu a tsakar gida tana fifita kunun gyaɗa a kofi. Ta tarbe su da fara'a. E, ta kai abinci, ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta shiga ba. Nasiha ta zauna a tabarma ta yi ta gaisuwa, ya mai jiki, ya zafi, idonta kuwa na kan hannun daman matar.

"Adda, wannan lalle ya kama. Bikin wa ake yi?"

"Babu biki. Sha'awa ce kawai."

"Sha'awa a hannu ɗaya? Kuma maigida na kwance rai a hannun Allah? Haba Adda! Ni ma 'yar Yelwa ce. Wace mace ce a cikinmu ke ƙunshi tana jinyar miji? Ai surukai sai su cinye ta ɗanya."

Ta kama yatsun ta juya su cikin rana. Ƙarƙashin jan lallen ga ɗigo-ɗigon baƙi har gefen farce.

Daga ɗaki wata murya ta fito da ƙyar. "Mairamu, kunun bai huce ba?"

Nasiha ta yi wuf ta ɗauke kofin. "Ya sha?"

"Ko kurɓa bai yi ba." Mairamu ta fashe da kuka, ta ciro kwalbar daga bakin zani. "Duka na juye. Likitoci sun ce mu koma gida mu yi addu'a. Ga ƙanwata da magani a kulle, ina ji ina gani? Na san in na roƙa za ta hana ni."

Dakta ta durƙusa ta gaya mata rabin da ta ɓoye ran walima. Mairamu ta dubi kofin, ta dubi ƙofar ɗakin, ta ɗora hannu a ka tana salati.

"Sai mun je komisariya, Adda," in ji Nasiha a hankali. "Yafa mayafinki. Ba zan sa miki ankwa a unguwarmu ba."

A zaure Mairamu ta waiwayo.

"Sadiƙa, tsakaninki da Allah, yana kashe cutar?"

Dakta ta share ido, ta miƙe tsaye sosai. "Yana kashewa, Adda, kuma a nan Garwa aka haɗa shi. Saura in koya masa ya bar mai cutar da ransa."

Ta ɗauki tukunya ta ɗora wa Yaya Adamu sabon kunu.