Ramukan da Barnaba Ya Rufe

A wani ƙauye kusa da Urafane, sunansa ya kuɓuce mini yanzu, an yi wani yaro, Barnaba, mai buga ganga a majami'a. Hannunsa na da daɗi, shi ma ya san haka.

A shekarar damina ta yi jinkiri. Wata Juma'a sai ruwa ya sauko sosai, ƙasa ta sha. Asabar da sassafe mahaifinsa ya ɗauki sungumi, ya miƙa masa ƙwaryar irin hatsi.

Baba ya ce, "Yau kaɗai gare mu. Gobe Lahadi, ba mu shiga gona. Jibi kuwa yashin nan ya bushe."

Baba na sara a gaba, Barnaba na biye, yana zuba iri a rami, yana rufewa da ƙafa. Da hantsi Baba ya gama saran gefen gabas.

Ya ce, "Ka ƙarasa shukar nan. Ni da innarka za mu ƙaramar gona."

Ba su daɗe da tafiya ba, iska ta kawo kiɗa daga gari. Wani yaro ne, Daniyel, ke taɓa gangar majami'a. Gwajin waƙa sai da la'asar ake yi, amma Barnaba ya ji tsoro kada a ba Daniyel wurinsa.

Ya ce a ransa, "Ai aikin Allah ne." Ya ajiye ƙwarya a gindin gawo, ya ruga.

Bai dawo ba sai da rana ta kusa faɗuwa. Ya tarar da ƙwarya a kife, awaki sun cinye irin. Ramuka na nan buɗe. Ya duba, babu kowa. Sai ya bi su yana rufewa da ƙafa, ko ƙwaya ɗaya babu a ciki.

A gida Baba ya ce, "Ka gama?"

"Na gama, Baba."

Inna ta sa masa albarka, ta ƙara masa tuwo. Ya ci, amma bai ji daɗinsa ba.

Bayan kwana biyar hatsi ya tsiro ko'ina, ban da gefen gabas. Baba ya durƙusa, ya tona rami da yatsa. Ya tona na biyu, ya tona na uku.

Ya ce a hankali, "Ɓera in ya tone iri, ba shi rufe ramin. Wa ya rufe waɗannan?"

Barnaba ya fashe da kuka, ya faɗi komai. "Na ɗauka aikin Allah ya fi, Baba."

"Wa ya aiko ruwan?"

"Allah."

"To, shi ya ba ka safiya don shuka, la'asar don ganga. Ka juya su, sannan ka binne ƙarya. Gefen nan ne ke ci da mu har wata damina."

Mako uku ruwa bai dawo ba. Lokacin hatsi ya wuce. Inna ta fara rage tsabar da take dakawa. Barnaba ya gani. Ya roƙi gafarar Allah da ta iyayensa.

Da ruwa ya dawo, maƙwabcinsu Malam Alkasim ya kawo irin wake.

Ya ce, "Wake na jure makara. Amma fa, mai ganga, wannan karon ka sa shi cikin ramin."

Barnaba ya sunkuyar da kai. Ya shuka duka, bai ɗaga ba sai da ya kai ƙarshen layi.

Rumbu bai cika ba a shekarar, amma waken ya kai su har wata damina. Ran sujadar godiya ta kaka, Barnaba ya fara kai awon tiya guda na wake gaban majami'a, sannan ya ɗauki ganga.

Daga ranar ya gane: lokaci kyautar Allah ne, kuma abin da ba ya jira, shi ake fara yi.