Haƙoran Lamyai

Ranar da Thawin, wanda ake kira Win, ya fara ganin Saengduan, wadda ake kira Duan, tana tsugune a bayan rumfarta tana tsame shinkafa mai danƙo daga cikin baho. Ya jingine babur ɗinsa, ya sauko da akwatin kwalabe.

"Sannu da aiki. Daga matatar ruwan datti ta gari nake. Zan ɗan ɗebi ruwan rijiyarku."

"Mai ruwan masai kenan," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Ka dai wanke hannu?"

"Har da sabulu, don na ji an ce mai rumfar nan tana da faɗa."

Ta yi dariya, amma tafin hannunta ya riga dariyar isa baki. A ƙauyukanmu na Lamphun ba mai tambayar dalili. Wanda ya tashi da ruwan rijiyar nan, haƙoransa kan fito da dabbare-dabbare, fari kamar alli a nan, ruwan ƙasa kamar tsatsa a can. Matanmu sun iya dariya a bayan hannu tun suna 'yan makaranta.

Wata yarinya 'yar shekara biyar ta leƙo daga ƙarƙashin tebur, ta wage masa baki. Haƙoranta na nono farare tas.

"Lamyai kenan, 'yata," in ji Duan. Ta nuna masa jarkokin ruwan sayarwa a jere. "Ko ɗigo ɗaya na rijiya bai taɓa shiga maƙogwaronta ba. Tun da ubanta ya tafi kudu neman aiki ya manta hanyar gida, na ce ko me zan rasa, ita ba za ta rufe baki ba."

Win ya kalli jarkokin. Sai ya kalli bahon shinkafar.

"Wannan fa, da wane ruwa kike jiƙa ta?"

"Na rijiya mana. Ai zubar da shi ake yi, turara shinkafar ake."

"Kwana take yi a ciki?"

"Wa ke turara mai danƙo ba ta kwana a ruwa ba?"

Ya cika kwalba ɗaya daga rijiya, ɗaya daga bahon, ya sayi ƙunshin shinkafa, ya tafi bai ci ba.

Bayan kwanaki saƙonsa ya shigo wayarta, yana kiran ta Nong, wato ƙanwa:

"Nong Duan, Win ne, mai ruwan masai. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Shinkafar tana shanye fulorayid ɗin da ke cikin ruwan, sinadarin da ke ɓata muku haƙora. Tafasawa ma ba ta kore shi. Ki daina jiƙawa da na rijiya daga yau, don Lamyai."

Duk uwa ta san irin wannan lissafin da ake yi a tsaye. Safe, rana, yamma, tun yarinyar ta fara cin abinci, da hannunta take mulmula mata loma. Duan ta zauna a ƙasa. Da ta tashi, ta kifar da bahon gaba ɗaya a kwata.

Da yamma ya zo da jarkoki ɗaure a bayan babur. Washegari ma haka. Ya zama kullum.

A kan bencin rumfar ya yi mata bayanin aikinsa. Matatar gari tana cire ƙazanta, tana kashe ƙwayoyin cuta, amma fulorayid wucewa yake yi kamar ba a gan shi ba. Masana'antar gilashin waya da ke bayan gari tana zuba nata a bututun gari, matata ta saki ruwan a rafi, da rani kuma rijiyoyin bakin rafi su tsotse shi.

"Ba su karya doka ba," ya ce. "Ma'aunin da ake bi an yi shi ne don garuruwan da ƙasarsu ba ta da shi. Tamu kuwa a cike take da shi tun kakanni. Ina so majalisar gari ta sa tamu iyakar, ƙasa da waccan."

"Za su yarda, Yaya Win?"

"In kin ci gaba da ce mini Yaya Win, ko ba su yarda ba na ci riba."

Hannunta ya tashi zuwa baki. Ya bi hannun da kallo.

Wata rana Lamyai ta ɗora masa kwandon turara shinkafa a ka, ya miƙe ya sara mata kamar soja. Dariya ta ƙwace wa Duan tana riƙe da tukunya da hannu biyu. Ya ɗauke ta hoto kafin ta ankara.

"Goge shi!"

"Ba mai gani sai ni. Na yi alkawari."

Saƙonsa na ranar gajere ne: "Yau na ga rana ta fito sau biyu. Ki huta lafiya, 'yar shinkafata."

Ta amsa: "Baki gare ka. Gobe ka zo da jarka, ba waƙa ba."

Mahaifinta, Baba Inta, shi ne mai gadin ƙofar masana'antar. Bayansa ya soma rankwafawa tun bai tsufa ba, gwiwoyinsa ba sa lanƙwasuwa sosai, kamar yawancin sa'o'insa. Da ya gane wanda ke kawo jarkokin, ya tare shi a bakin rumfa.

"Kai ne za ka kore mana masana'anta? Rabin ƙauyen nan daga ƙofar da nake tsaro yake ci. Mun sha ruwan nan, iyayenmu sun sha, ga mu da ranmu."

"Baba, ba kora nake nema ba. Su tace nasu kafin su zubo mana."

"Kada ka ce mini Baba. Kada in sake ganin babur ɗin nan."

Shi Baba Inta yana da nasa zaɓin: Surachet, mai kula da ma'aikata a masana'antar, mai mota da takalmi mai sheƙi. Ya riga ya ce in an yi aure zai kai Duan wurin likita a Chiang Mai a rufe mata haƙoran da farare.

Can gidan su Win ma ba daɗi. Ya kai Duan ta gaida mahaifiyarsa, Mama Buakham, tsohuwar malamar makaranta a cikin gari. Matar ta yi ta jan ta da hira har sai da ta ga abin da take son gani. Suna saka takalmansu a bakin matakala za su tafi, suka jiyo muryarta.

"Ga 'ya, ga baki kamar gindin tsohuwar tukunya. Jikokina ne za su gaji wannan?"

"Ba gado ba ne, Mama, ruwa ne!" in ji Win.

"Ruwa ko jini, a fuska yake."

Duan ba ta yi kuka ba sai da ta isa gida, ta tabbata Lamyai tana wasa a maƙwabta.

Ranar zaman majalisa, zauren ya cika. Win ya karanta sakamakon gwajinsa, kansiloli suna hamma, ɗaya yana danna waya. Lauyan masana'anta ya ce ba a nuna wa kowa wanda abin ya cutar ba. Win ya ga aikin yana zamewa daga hannunsa. Ya danna na'ura, sai ga baki a jikin bango, ƙato, a buɗe, da tsatsarsa duka.

Ya yanke hoton daga hanci zuwa haɓa, yana ganin ba mai ganewa. Ya manta da 'yar tawadar Allah da ke gefen leɓenta.

"Ai mai shinkafa ce!" wani ya faɗa daga baya.

Wasu suka yi dariya. Kawuna suka juyo. Duan ta ɗauki Lamyai ta fita, hannunta manne a baki. Majalisa ta ɗage maganar zuwa bayan damina.

Surachet ya same ta a rumfa. "Kin gani? Hujja yake nema, ba mata ba. Ya ɗebi rijiyarki, ya ɗebi bahonki, ya ɗebe ki. Ni rufa miki asiri nake son yi."

Saƙon Win ya zo: "Na karya alkawari. Ba ni da abin kare kaina. Na ji tsoron za su ƙi, na ɗauki abin da ba nawa ba. Ki yafe mini in za ki iya."

Ta rubuta: "Kai ne mutum na farko da ya ga dariyata tun ina yarinya. Ka rataye ta a bango. Kada ka sake zuwa."

Bai sake zuwa ba. Amma kullum da safe sai ta tarar da jarkoki a bakin titi, cike. Ta ƙi taɓa su kwana biyu. Sai ta tuna Lamyai ce mai cin shinkafar, ta shigo da su.

Damina ta yi nisa lokacin da haƙorin gaban Lamyai ya faɗi. Duan ta riƙa duba gurbin kowace safiya, tana ɗaga leɓen da ɗan yatsa a gaban haske. Sabon ya ɓullo a hankali. Da ya fito rabi, ta ga farin alli a jikinsa, da wani siririn layi ruwan ƙasa a tsakiya. Irin wannan haƙori tun yaro yana goye yake ginuwa a cikin dadashi. An makara a kansa tun kafin Win ya jingine babur.

Ba wannan ne ya karya ta ba. Da yamma Baba Inta ya yi wa jikarsa wasan da suka saba, ya kumbura kumatu. Lamyai ta ƙyalƙyale, sai ɗan hannunta ya tashi ya rufe bakin, daidai yadda uwarta ke yi.

"Wa ya koya miki wannan?" in ji tsohon.

"'Yan ajinmu sun ce na zama Mama."

Ya janye mata hannun a hankali, ya daɗe yana kallon haƙorin. Bai ci abinci ba ranar.

Da majalisa ta sake zama, Duan ce ta fara ɗaga hannu. Ta je gaba, ta tsaya inda aka taɓa haska hoton.

"Wancan karon kun gani ba da izinina ba. Yau ni na kawo. Ku duba da kyau." Ta buɗe bakinta, ta juya dama da hagu. Ba wanda ya yi dariya. "Nawa ya riga ya lalace. Na 'yata ɗaya ya tafi. Akwai sauran a ciki da ba su gama ginuwa ba, akwai jariran da ke goye a zauren nan. Abin da ke cikin ƙasa ba laifin kowa ba ne. Abin da ake ƙara mana a rafi, ku ne za ku ce ya isa."

Sai ga Baba Inta ya taso da kayan gadinsa a jiki, yana jan ƙafa.

"Ni na ce mun sha muna raye. To ku kalli rayuwar. Rabona da in durƙusa a gaban bagaden ibada har na manta."

An sa iyakar. Ba ta kai yadda Win ya nema ba, kuma an ba masana'anta wa'adi mai tsawo kafin ta gina nata wurin tacewa. Masana'anta ba ta tashi ba. Baba Inta dai aka ce ya huta, an sami matashi. Surachet ya daina biyowa ta gaban rumfa.

A bakin zauren Win ya tsaya nesa, kansa a ƙasa. Ita ta je ta same shi.

"Ka goge hoton?"

"Na goge."

"Wawa. Shi ne kaɗai wanda na yi kyau a ciki."

"Nong Duan…"

"Ban gama fushi ba. Amma jarkokin nan sun yi mini nauyi daga bakin titi. Ka riƙa shigo da su ciki."

Mama Buakham tana cikin zauren ranar, a kujerar baya. Ba ta iya ba da haƙuri ba, ba halinta ba ne. Sai dai bayan mako guda mota ta sauke wata ƙatuwar randar tara ruwan sama a gidan Baba Inta, da saƙon baki cewa na jiƙa wa yarinyar shinkafa ne.

Daga randar nan aka ɗebi ruwan ɗaurin auren Duan da Win.

Aka zaunar da su gefe da gefe, farin zare ya haɗa kawunansu. Kowanne ya haɗa tafukansa ya miƙa su a kan tasar furanni. Manya suka yi layi. Baba Inta ya zuba musu ruwa a hannu.

"Ku tsufa tare, bayanku a miƙe. Abin da muka sha, kada 'ya'yanku su sha."

Mama Buakham ta zuba nata, ta ɗaura wa amarya zare a wuyan hannu. "Ki zauna lafiya, 'yata," ta ce can ƙasa-ƙasa.

Lamyai ta ce ita ma sai ta zuba. Aka ɗaga ta. Ta karkata ƙoƙon da ƙarfi, ruwan ya tsallake hannuwa ya sauka a cinyar ango.

"To, yau dai mai ruwan masai ya yi wanka," in ji Baba Inta.

Wurin biki ya ɓarke. Dariya ta taso wa Duan, ga hannuwanta a haɗe a kan tasa, a jiƙe, a ɗaure, ba damar ɗagawa. Ta ga 'yarta tana kallonta, ɗan hannun ya kai rabin hanya zuwa baki.

Duan ta ɗaga kai, ta saki dariyar gaba ɗaya, a gaban kowa.

Lamyai ta sauke hannunta.